Ka Sayi Wanda Ba Zai Ɗauki Alade Ba

Zuwa ga angona Ishaya, mai gemun da har yanzu bai kai a kira shi gemu ba,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, ka sauka Kafanchan lafiya, ɗakin da ka kama ba ya yoyo, maƙwabtanka kuma ba masu bin tukunyar mutum da ido ba ne. Allah ya tsare fitarka da shigarka. Ni ina nan yadda ka bar ni, gwiwa ce kawai take mini rashin kunya.

Na rubuta ne domin in na yi maka magana da baki, idonka yana kan waya, kana cewa, "Kaka, kin fara." Kuma a gidan nan ba a yin magana Baba Markus, ƙanen ubanka, bai ji ba. Ko yana bayan gida, kunnensa yana tsakar gida.

Maganar mashin ce. Ka ce asibitin da suka ɗauke ka aikin gwajin jini yana wancan gefen gari, ɗakinka yana wannan gefen, acaba safe da yamma zai cinye albashi, gara ka sayi naka. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Inda muka rabu da kai shi ne da na ji ka ce babba za ka saya, irin na 'yan acaba, mai dogon sit da kariyar ƙarfe ta ɗora kaya a baya. Lokacin da ka faɗa, kai kana kallon hoton mashin a waya, ni ina kallon fuskar Markus. Ya yi irin murmushin da yake yi in ya ji an yanka akuya a gidan wani. Kai kana ganin abin zuwa aiki. Shi yana ganin aladensa a ɗaure a kai. Ni kuma ina ganin aikin nan da ka sha wahala kafin ka samu yana fita daga hannunka.

Ka sayi ƙarami. Roba-roba, irin wanda malamai mata suke hawa, mai ɗan kwando a gaba. Na san yanzu ka ɓata fuska. Gyara ta, ka ci gaba da karatu, ban gama ba.

Tun kana yaro, in ka tambayi abin da ya sami ƙafar ubanka, sai a ce maka hatsari ne, a rufe magana. Duk Nok da ƙauyukan bayanta sun san labarin, kai kaɗai ne aka bari domin kana ƙarami. Yanzu kana shirin sayen mashin, ka isa ji.

Lokacin kana goye a bayan uwarka, ubanka Bulus yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kafanchan. Wata Asabar ya zo gida ya same mu muna shanyar citta a kan dutse, ni da matan unguwa. Ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Mama, akwai wata nas da za ta sayar da ƙaramin mashin ɗinta, ina so in karɓa. Daga ɗaki zuwa makaranta ne kawai, kuma ba ya shan mai." Na tambaye shi wane iri ne, ya kwatanta mini. Na ce, "Bulus, da zane za ka hau ko da siket?" Mata suka fashe da dariya. Ni kuwa in na ga ana dariyar maganata, ba na iya tsayawa. Na ƙara da cewa, "Ranar da za ka shigo da shi, ka aiko tukuna in saya maka ɗankwali, kada iska ta ɓata maka kitso." Wata har ta zauna a kan cittarta don dariya.

Ubanka ya miƙe ya bar wurin. Shi mutum ne da zai iya ɗaukar buhu biyu a kai, amma ba ya iya ɗaukar dariya. Ya koma, ya ƙara matse cikinsa, ya sayi babba, ja, mai ƙara kamar injin niƙa. Matan nan da suka yi dariya, babu wadda ta taɓa zuba masa mai ko cokali. To ka ji na farko. Abokanka za su yi maka ba'a, za su ce ka hau mashin ɗin mata. Ka bar su. Dariya tana ƙarewa kafin la'asar, kai kuwa gobe da safe za ka tashi ka tafi aiki.

Ka san al'adarmu, sabon abu ba ya kwana a gida sai ya fara zuwa gidan Ubangiji. Ran Lahadi aka turo mashin har ƙofar coci, an ɗaura masa farin ƙyalle a madubi. Matan zumuntar coci suka fito da tukwane da kacau-kacau, muka yi rawa muka kai baikon godiya, ni a gaba da sabon zane. Fasto ya ɗora hannu a kan tanki ya yi addu'a mai tsawo, ya kori hatsari, ya kori ɓarayi, ya kori mugun ido. Bai san wadda ya kamata ya kora tana tsaye kusa da shi tana share gumi ba. Da ya gama sai ya ce, "Ko uwar mai mashin tana da kalma?"

Da na ce na gode wa Allah na koma na zauna, da yau ba na rubuta wannan takarda. Amma an miƙo mini makirufo, kuma ni da makirufo ka san mu. Na ce, "Jama'ar Allah, mashin ɗin nan da kuke gani ba na Bulus ba ne. Na dukanmu ne. Mai mara lafiya, mai kaya, mai saƙo, ga ƙafa Allah ya ba mu." Coci ya ɗauki guɗa. Dattawa suna gyaɗa kai. Na waiwaya na ga ubanka yana murmushi, amma haƙora ne kawai, idon ba ya ciki.

Ni don daɗin baki na faɗa, kamar yadda ake ce wa baƙo, zauna, ai gidanka ne. Ba wanda yake tsammani baƙon zai je ya kwaso kayansa. Su kuwa suka riƙe maganar kamar daga Littafi aka karanta ta. A wurinmu abin da aka faɗa a gaban bagade, fasto da dattawa suna ji, ba ya komawa ciki. Ko ka manta, akwai wanda zai tuna maka, har da irin zanen da ka ɗaura ranar.

Ban ce kada ka yi godiya ba. Ka yi. Ka kai shi cocin da kake zuwa a can Kafanchan, inda ba su san sunan kakanka ba, fasto ya yi addu'arsa, ka ba da baikonka, ka hau ka tafi. Kada ka kawo shi nan a ɗaura masa ƙyalle. In ma ka yi taurin kai ka kawo, ka ga na miƙa hannu wajen makirufo, ka sa a riƙe ni.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi mini ciwo, domin na ji daɗinsa lokacin. Mutane ba sa zuwa wurin Bulus. Sun san hanya mafi kusa. Da sassafe sai in ji sallama, "Maman Bulus, kin kwana lafiya? Yaya gwiwa?" Wannan da ƙullin acca, wancan da ƙwai, wata da 'yar kaza. Ni gwauruwa ce, tun rasuwar kakanka babu mai tsayawa a ƙofata sai mai neman aron turmi. Kwatsam na zama hakima. Ana zama a ƙasa a gaishe ni. A coci aka matsar da ni benci na gaba. Sai in gyara ɗankwali in ce, "Ba damuwa, zan aika masa."

Saƙo ya tafi Kafanchan, "Mama ta ce ka zo." Shi kuma ya zo. Buhunan citta zuwa Kwoi. Taki daga bakin titi zuwa gona. Kwanon rufi, wanda ya yanke masa riga a baya. In an yi rasuwa, ka san yadda muke yin makoki, sai an tara duniya, shi ne mai kai labari, shi ne mai ɗauko kujeru, shi ne mai mayar da tsofaffi gida bayan an watse. Akwai ranar da aka aike shi har Zonkwa ya ɗauko rigar mawaƙan coci da wani ya manta a wurin taro. Riga, Ishaya. Ranar aiki.

Masu aro kuma daban. "Yaya Bulus, ba ni makulli in je nan in dawo." Nan ɗin sai yamma. A dawo da shi tanki a bushe, madubi yana kallon sama, a ce, "Allah ya saka." Allah kuwa ba ya sayar da fetur.

Ba zan yi ƙarya a takardar da na fara da sunan Yesu ba. Akwai matar da ubanka ya kai asibiti tana naƙuda, da ba don shi ba da an binne su biyu. Yarinyar da aka haifa yanzu ta yi aure. Amma wannan taimako guda shi aka riƙa ɗaga masa kamar tuta. Duk wanda yake so a kai masa buhu, da labarin matar nan zai fara.

Wata rana ya same ni a madafa ya ce, "Mama, hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce yara sun fi ganin ƙurar mashin ɗina a kan fuskata. Za su kore ni." Ina juya tuwo, ko waiwayowa ban yi ba. Na ce, "Wa zai kori mutum don ya taimaki 'yan'uwansa? Shi hedimastan daga sama ya faɗo, ba shi da ƙauye?" Ya juya ya fita. Na ɗauka na ba shi amsa mai kyau. Har na maimaita wa matan zumunta, suka ce na iya magana.

Ga abin da nake so ya shiga kanka, in ma sauran duk sun zube. Kai ɗan Bulus ne. Na rene ka, na san ka. Ba ka iya cewa a'a ba. In dattijo ya tsaya a gabanka ya ce, "Ɗana," sai ka ce to. Kana ganin za ka sayi babban mashin ka kafa doka, ka ce ba aro, ba kaya, ba zuwa ranar aiki. Ubanka ma ya kafa. Dokar ba ta kai Kirsimeti ba. Mashin da zai iya ɗaukar kaya, sai an ɗora masa kaya. Tun da bakinka ba zai iya ba, ka sayi mashin da zai ce a'a a madadinka. In Markus ya zo ya zagaya roba-roba, ya duba gaba ya duba baya, bai ga inda zai ɗaura igiya ba, shi da kansa zai yi tsaki ya tafi. Ba ka yi wa babba rashin kunya ba, ba a kai ƙararka wurin dattawa ba, kuma ka isa aiki a kan lokaci.

Yanzu aladen.

Ubanka ya zo wata Laraba ya kawo mini magani, da niyyar ya koma da sassafe, domin ranar Alhamis ɗin mai makarantar da kansa zai zagaya azuzuwa, kuma an riga an gaya masa saura kuskure ɗaya. Alhamis kuwa ka san ranar kasuwar aladu ce a Kafanchan, ranar da masu saye suke zuwa daga kudu da manyan motoci. Markus yana da wani ƙaton alade da ya ƙi ci ya ƙi mutuwa, yana so ya rabu da shi kafin masu saye su gane. Motar kasuwa tana nan, amma mota ana biya.

Da gari ya waye, an yi ruwa, ƙasa duk santsi. Bulus yana goge sit, sai ga Markus da igiya da katako.

"Yaya, ai hanya ɗaya ce."

"Markus, ba yau ba."

"Ka sauke mu a bakin kasuwa kawai ka wuce. Ko minti ba za ka ɓata ba."

"Na ce ba yau ba. Da farar riga zan shiga aji, ba da warin alade ba."

Ranar ce karon farko da na ji ubanka ya ce a'a, tun da na haife shi. Markus ya ajiye katako, ya zo ƙofar ɗakina, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Mama, kin ji ɗanki ko? Mashin ɗin da kika tsaya a gaban bagade kika ce na dukanmu ne. Ashe dukanmu ɗin ban da ɗan'uwansa ciki ɗaya. To, ran Lahadi sai ki koma ki karɓi makirufo ki gyara maganar."

Na ga kawunan mata sun fara leƙowa ta saman danga. Na fito na ce, "Bulus, ɗauki aladen nan. Kada a ce na yi wa Allah ƙarya a gidansa." Ya dube ni. Sai ya cire farar rigarsa, ya naɗe ta cikin leda, ya sa tsohuwa.

Suka shimfiɗa katako a kan kariya, suka ɗaure aladen da igiya da robar taya, yana ihu kamar an fara yanka shi. Markus ya matse a tsakiya, ubanka har kan tanki. Na tsaya a bakin hanya ina ɗaga musu hannu, ina jin daɗi an ga 'ya'yana suna zaman lafiya.

Sun yi duk doguwar tafiyar lafiya. Sai da suka shiga gari, inda titi ya haye layin dogo, ƙarfen a jiƙe, aladen ya yi wani irin shure-shure, taya ta zame. Markus ya faɗa cikin ciyawa, ko ƙwarzane babu. Mashin ya kwanta a kan ƙafar ubanka, ƙafar kuma tana kan ƙarfen dogo. Igiya ta tsinke, alade ya tashi ya kama hanyar tasha.

Ban gani da idona ba, amma ba maƙiyi ne ya ba ni labari ba, Markus ne da bakinsa. Ya tashi, ya dubi yayansa, ya dubi alade, ya bi alade. Masu sayar da rake ne suka ɗaga mashin. Har yau in aka tayar da maganar, sai ya buɗe hannu ya ce, "To Yaya yana kwance wuri ɗaya, ba inda za shi. Alade ne mai gudu." Kuma ya sayar da shi ranar. Ya ce ma faɗuwar ta rage masa daraja.

Asibiti suka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Dangi suka taru suka ce a kawo shi gida, akwai mai ɗori a bayan dutse wanda hannunsa yake da albarka. Na bi bakin dangi, tun da na saba. Ƙafar ta haɗu, amma ta haɗu yadda ta ga dama. Kafin ya iya takawa da sanda, makaranta ta sa wani a ajinsa. Ba su yi laifi ba. Yara ba za su zauna jiran alade ba.

Na koma coci na karɓi makirufo, wannan karon ba wanda ya miƙo mini, ni na roƙa. Na ce mashin ɗinmu ya lalace, mai tuƙa mana shi yana kwance, a taimaka. Wani dattijo ya tashi ya ce, "Mu yi wa ɗan'uwanmu Bulus addu'a, Allah ya ba shi ikon gyara mashin ɗinsa." Ka ji? Ɗinsa. Ranar ya koma na Bulus. Aka yi addu'a mai zafi, aka ce amin, aka tafi cin abinci. Ƙwai da acca suka daina zuwa ƙofata. Bencin gaba ma, wata ta riga ni zama, ba wanda ya tashe ta.

Mashin ya zauna a bayan rumbu. Wani ya zo aron taya ɗaya don amalanke. Wani ya kwance fitila. Sit ɗin yana ƙofar wani gida a unguwar sama, ana zama a kai ana shan kunu. Tankin da fasto ya ɗora wa hannu, an fasa shi biyu, kajin Markus suke shan ruwa a ciki. Har a mace sai da suka raba shi.

Ubanka bai taɓa ce mini uffan a kan wannan ba. Da ya zage ni sau ɗaya, da na samu sauƙi. Kowace safiya sai ya jawo ƙafar nan ya zo ƙofata, "Mama, kin tashi lafiya?" Da ka tambaye shi wane mashin za ka saya, ka ji abin da ya ce, "Duk wanda ka ga ya yi maka." Ba zai ce maka a'a ba. Sau ɗaya ya gwada faɗinta, ka ga yadda aka yi.

To, in za ka je saye, ga abin da na sani. Ban taɓa tuƙa mashin ba, amma mazaunaina sun yi shekaru a bayansa, sun san abin da suka sani.

Markus ya fara cewa in ya sayar da citta zai ƙara maka wani abu domin ka sayi mai ƙarfi. Ka ce ka gode, ka sa hannunka a aljihu. Wanda ya sa hannu a sayen mashin ya sayi wurin zama a kai har abada, shi da dabbobinsa. Kuma kada ka je shago da ɗan ƙauyenmu. Ka je da wani daga wurin aikinku, wanda ba shi da gona.

Ka hau ka zauna, ka ga ƙafafunka biyu sun taka ƙasa sosai. Ka buɗe ƙarƙashin sit ka ga ko farar rigar aikinka za ta shiga, domin ruwan Kafanchan ba ya sallama. Ka tambayi makanikai na unguwarku ko ana samun kayan gyaransa a gari, kada ƙaramin abu ya lalace a ce sai an aika Kaduna. In sabo ya fi ƙarfinka, ka nemi na hannun wata malama da ta gaji da shi, wadda daga gida sai makaranta sai coci. Na hannun ɗan acaba kuwa, ko an wanke shi yana ƙyalli, tsoho ne da aka shafa wa hoda, kamar ni ranar bikin Ista. In mai shago ya ce zai ɗaura maka kariya a baya kyauta, ka ce ya riƙe kyautarsa.

Akwai kuma abin da ba sai na faɗa da yawa ba. Ka san irin mashin da mutanen daji suke hawa in za su shigo ƙauye, ka san irin wanda ɓarayi suke nema, ka san wanda ake tsayarwa a shinge a ce mai shi ya sauka ya tura. Duk babban nan ne. Ba a taɓa jin an zo kai hari a kan roba-roba mai kwando ba. Takardunsa su cika, su kasance a jikinka.

Madubi biyu da ya zo da su, ka bar su. Na ga samarin yanzu suna cirewa wai ya fi kyau, kamar mutum ya cire kunnuwansa don hula ta zauna. Hular kwano kuma ka saya tun ranar, ka sa, ko za ta ɓata maka wannan askin da ya yi kama da gonar da aka nome rabi. Kan nan mun zuba masa kuɗin makaranta da yawa. In tirela ta biyo ka, ka sauka gefe ka bar ta ta wuce, ba gadon ubanka ba ne titin. Layin dogo kuwa, ka haye shi a miƙe, a hankali, in an yi ruwa ma ka sa ƙafa ƙasa. Kada ka ce in ka tashi aiki za ka ɗan ɗauki fasinja don kuɗin mai. Aiki ɗaya aka ɗauke ka.

In wata yarinya ta ce ba za ta hau mashin ɗin mata ba, ka bar ta ta taka da ƙafa. Dama ni ce uwargida, kuma ni ban ƙi ba.

Saura magana ɗaya, ita ce na yi ta zagayawa tun farkon takarda.

Ranar da za ka tafi, ina ɗaure maka acca da daddawa, ka tsaya a bayana ka ce, "Kaka, ƙaramin ba zai iya hawan tudun rafi da damina ba. Ta yaya zan riƙa zuwa ganinki ran Asabar? In ciwonki ya tashi, wa zai kai ki asibiti?" Na yi kamar ban ji ba, na ce ka miƙo mini igiya. Na ji. Na san ba don 'yan mata kake son babban ba, ba don abokai ba. Don ni ne.

Gaskiyarka, ba zai hau ba. Tayarsa ƙanana ne, cikinsa yana kusa da ƙasa, duwatsun nan za su fasa shi tun kafin ka kai rafi. Daga farkon ruwa har kaka ba zai shigo ƙauyen nan ba. Na sani sarai. Shi ya sa na zaɓe shi.

Kada ka ɗauka abin bai dame ni ba. Ran Asabar zan zauna a ƙofa in ji ƙarar mashin daga nesa, in gyara ɗankwali, ya zo ya wuce, na wani ne. Zan yi ta masifa, zan gaya wa matan zumunta jikana ya shiga birni ya manta da ni, har in yi ɗan kuka don su ji tausayina. In labari ya kai maka, kada ka kula. In Markus ya kira ka ya ce Kaka ta ce ka zo, ƙarya ne, ban ce ba. In ma ka ji muryata ce da kaina a waya ina cewa ka zo, ka tambaye ni ko akwai buhu a kusa da ni. Ciwo in ya tashi, akwai motar kasuwa, a biya. In an ba ka hutu, ka kulle mashin ɗinka a ɗaki, ka shiga mota kamar baƙo, ka zo hannu biyu da burodi, ka kwana, ka koma.

Na riga na samu ɗa wanda ba ya nisa da ni. Ina rubutun nan ina hango shi a gindin mangwaro, ya miƙe ƙafar a kan kututture, yana gyara wa 'ya'yan maƙwabta lissafi a ƙasa da tsinke. Kullum ina ganinsa, safe da yamma, yadda kowace uwa take roƙo. Ɗaya ya ishe ni, Ishaya. Kai ka yi nisa.

Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka. Ya tsare ka daga santsin hanya, da direban da bai yi barci ba, da ɗan'uwa mai igiya a hannu, da bakin kakarka. Ya kai ka aiki da safe, ya mayar da kai ɗakinka da yamma da ƙafafunka biyu daidai. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce matarka ta fari,
Kaka Rifkatu